Abin da Kasuwa ta Ƙi, Wa ke da Alhakin Raya Shi?

A watan Yuni na shekarar 2023, a wata unguwa da ake kira Eagle Rock cikin birnin Los Anjeles na ƙasar Amurka, an sake buɗe wani shagon ba da hayar fina-finai mai suna Vidiots, bayan ya shekara 6 a rufe. An haɗa shi da wani tsohon gidan sinima mai kujeru 271, wanda aka gina tun 1929. Ba a yi wata 4 da wannan buki ba, ranar 29 ga Satumba, sai kamfanin Netflix, wanda ya soma sana'arsa a 1998 da aika wa mutane faifan fim ta gidan waya, ya aika faifansa na ƙarshe, ya ce ya bar wannan harka har abada. Wato a shekara guda babban ɗan kasuwa ya tattara tabarmarsa domin ya ga ciniki na ta raguwa, ƙaramin shago kuwa ya shimfiɗa tasa a wurin da aka ce kasuwa ta riga ta watse.

Tarihin shagon gajere ne. Wasu mata biyu ƙawayen juna, Patty Polinger da Cathy Tauber, su suka kafa shi a garin Santa Monika a 1985 da kaset wajen 800. Sunan da suka laƙaba masa ba'a ce suka yi wa kansu, ma'anarsa kusan a ce wawayen bidiyo. Sun fi mayar da hankali ga fina-finan da manyan shaguna ba su damu da su ba, kamar na ƙasashen waje da na ƙananan masu shiryawa da na tarihi. Sannu a hankali kayansu suka haura 50,000. Da zamani ya juya, ciniki ya ja baya, sai suka mayar da shagon gidauniya wadda ba ta neman riba a 2012. Duk da haka a farkon 2015 suka ba da sanarwar za su rufe. Wasu masu hali, ciki har da mai shirya fina-finai Megan Ellison, suka kawo ɗauki, shagon ya ƙara shekara 2, sa'annan ya rufe a Fabrairun 2017, aka kwashe kayan aka kai ma'ajiya. Komawar da ya yi a 2023 da kuɗin gudummawa ya yi ta, daga mutane masu yawa, manya da ƙanana.

Mai karatu zai iya cewa me ya haɗa mutumin Maraɗi ko Damagaram da shagon kaset na Kalifoniya. Abin da ya haɗa mu tambaya ce wadda ta girmi bidiyo, kuma za ta wuce shi: idan sana'a ta daina ciyar da mai ita, shin akwai wani haƙƙi a kan jama'a na su raya ta da aljihunsu, ko kuwa adalci shi ne a bar ta ta mutu kamar yadda waɗanda suka gabace ta suka mutu?

Hukuncin kasuwa

Bari mu fara da ba kasuwa haƙƙinta, domin hujjarta ba ƙarama ba ce. Babu wanda ya tilasta wa mutane barin shagunan haya, su da kansu suka bari. Kamfanin Blockbuster, wanda a 2004 yake da shaguna fiye da 9,000, ya karye a 2010, kuma daga 2019 shago ɗaya tak ya rage da wannan suna, a garin Bend na jihar Oregon. Tun da Netflix ya soma tura fina-finai ta intanet a 2007, mutum ya ga yana iya kallo daga ɗakinsa, ba tafiya, ba tarar jinkiri, ba a ce masa wani ya riga shi ɗauka. A 2016 kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da ke ƙera akwatin kallon kaset, ya daina. Wanda ya zaɓi sauƙi bai yi laifi ba. Matar da ta bar dakan turmi ta kai hatsinta ga inji ba ta ci amanar kakanninta ba, ta huta ne da wahalar da su ma da sun samu hanya da sun huta.

Mai wannan ra'ayi zai ƙara da cewa duk kuɗin da aka zuba wajen raya abin da ya mutu, an hana shi ga abin da ke da rai. Zai ce begen jiya ne kawai ke sa dattawa su riƙe abin da yara ba su so, kuma bege ba hujja ba ne. Na yarda da rabin wannan magana. Da a ce abin da ke cikin shagon Vidiots hanya ce kawai ta isar da fim ga mai kallo, da babu abin kuka, tunda an sami hanyar da ta fi ta.

Inda na rabu da shi shi ne wurin ɗaukar kasuwa a matsayin alƙali mai ganin komai. Kasuwa tana auna abin da mutane ke so yau, da kuɗin da ke hannunsu yau. Wanda ba a haifa ba tukuna ba ya zuwa kasuwa, ba ya taya kaya, saboda haka ba a jin muryarsa a wurin yanke farashi. Manomin ƙasarmu ya san wannan sarai. Idan bazara ta yi tsanani, farashin hatsi ya hau, kasuwa za ta ce masa ya fitar da duk abin da ke rumbu ya sayar. Amma akwai damin da ba ya taɓawa ko da yara na kuka, wato iri. Darajar iri ba a ranar kasuwa take bayyana ba, sai ruwa ya sauka.

Abin da ke cikin shagon

Tambayar da ta kamata ke nan ita ce ko akwai iri a cikin wannan shago. Ina ganin akwai.

Da yawa daga cikinmu mun ɗauka duk abin da aka taɓa yi yana cikin intanet. Ba haka abin yake ba. Kamfanonin da ke tura fina-finai hayar su suke yi na wani lokaci daga masu su, in wa'adi ya cika sai fim ya ɓace daga jerinsu ba sallama. Har nasu na kansu sukan janye: kamfanin Warner Bros. Discovery ya yi haka a 2022, Disney ya yi a 2023, domin rage kashe kuɗi. Mai biyan kuɗin wata-wata bai mallaki komai ba, an dai bar shi ya leƙa ta taga muddin mai gida ya ga dama. Shago irin Vidiots, ko Scarecrow Video na birnin Seattle wanda aka kafa a 1988 kuma yake riƙe da fina-finai fiye da 140,000, yana da abubuwa masu yawa waɗanda ba a taɓa juya su daga kaset zuwa wata siffa ba. In wannan kwafi ya salwanta, sau da yawa hanyar da talaka zai ga fim ɗin ta toshe ke nan.

Kada a ce wannan tsoro ne marar tushe, domin an riga an gani. A 2013 babban ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya fitar da rahoto cewa kashi 70 cikin 100 na dogayen fina-finan Amurka marasa magana, waɗanda aka yi tsakanin 1912 da 1929, sun ɓace gaba ɗaya. Gobara ta ci wasu, wasu sun ruɓe, wasu kuwa kamfanonin da suka yi su ne suka zubar da su da hannunsu, saboda a lokacin an sami fim mai magana, an ga tsohon ba zai ƙara kawo ko sisi ba. Hukuncin kasuwa ne aka zartar, kuma a ranar da aka zartar da shi babu wanda ya ga kuskurensa. Jikoki ne suka zo suna nema suka tarar da rumbu wayam.

Bayan ajiya akwai mutum. Ina yaro a Maraɗi akwai wani mai shagon kaset a unguwarmu, ba zan ambaci sunansa ba. Fina-finan Indiya da na Sin da na Kano ne cike da katakon bangonsa. Idan ka zo neman wanda ka riga ka gani sau uku, sai ya dube ka ya ce, «Kai yaro, ba ka gajiya da abu guda? Ungo wannan, in bai yi maka ba kar ka biya.» Wani lokaci ya dace, wani lokaci ya kuskure, amma ko da ya kuskure ka ga abin da ba ka taɓa tunanin nema ba. Na'urar da ke zaɓa wa mutane fim a yau tana duba abin da ka kalla jiya ne ta kawo maka ɗan'uwansa, domin burinta kada ka tashi. Mai shagonmu yana iya ce maka wannan ba na yara ba ne, ko ya ce je ka gida an kira salla. Shawarar wanda ya san ka, ya san ubanka, kuma zai haɗu da kai gobe a hanya, tana da nauyin da shawarar na'ura ba ta da shi, saboda shi yana jin kunya in ya cuce ka.

Akwai kuma ladabin aro, wanda nake ganin ba a cika lura da shi ba. Wanda ya ɗauki kaset ya san ba nasa ba ne, wani na jira. Zai kiyaye shi daga rana da ƙura, in ya gama ya mayar da zaren farko domin na bayansa kada ya wahala, ya kuma kai shi ranar da ya yi alkawari. Hausawa na cewa kayan aro ba ya rufe katara, kuma gaskiya ne, amma aro yana koyar da abin da mallaka ba ta koyarwa, wato tuna wanda ba ka gani ba. Gidan sinima ma haka yake ta wata fuska. Mutum 200 a cikin duhu ɗaya, mai kuɗi da marar shi, suna dariya lokaci guda, dole kowa ya haƙura da tarin maƙwabcinsa. Yau a fada za ka ga samari 6 zaune kan tabarma guda, shayi na kan wuta, kowa da salularsa da abin da yake kallo shi kaɗai. Ba na cewa sun fi mu lalacewa. Ina cewa ne wuraren da baƙo da baƙo ke tarayya a kan abu guda suna raguwa, kuma gari yana buƙatar irinsu.

Sukar da ba a kau da kai daga gare ta

Duk da haka akwai maganganu masu nauyi da ya wajaba a amsa.

Ta farko ita ce ta yunwa. A ƙasar da damina ɗaya in ta ƙi sai gidaje su kwana ba wuta a murhu, ƙasar da ta ga 2005 da idonta, wace fuska mutum zai ɗauka ya nemi gudummawa domin tsohon kaset? Ba zan yi musu ba, rai ya fi fim, kuma wanda ke da dala ɗaya tak a gaban mayunwaci ya san inda za ta. Sai dai a rayuwa ta zahiri ba kasafai zaɓin ke zuwa haka ba. Kuɗin da aka hana ɗakin karatu ko ma'ajiyar tarihi ba safai yake zarcewa bakin maraya ba, ya fi zarcewa ga biki da sabuwar mota. Kuma al'ummar da ta ce sai ranar da ta ƙoshi za ta soma adana tarihinta, ranar da ta ƙoshi za ta tarar gara ta riga ta.

Ta biyu ta tarbiyya ce. A ƙasar Hausa gidan sinima bai taɓa samun cikakkiyar shaidar kirki ba. Iyaye da malamai da yawa sun ɗauke shi matattarar ƴan iska, kuma ba duka zarginsu ne ƙarya ba. To amma mu duba abin da ya biyo bayan mutuwarsa. Kallo bai ragu ba, ƙaruwa ya yi, sai dai ya bar fili ya shiga aljihu, inda babu mai tsaron ƙofa, babu babba da zai yi gyaran murya. Wanda ya yi murnar rufe gidan kallo domin kare yara, ya kamata ya tambayi kansa ko yaran sun fi tsira yanzu.

Ta uku ita ce ta fi damuna, domin daga cikin labarin Vidiots kansa ta fito. Shagon da ke rayuwa da gudummawa, ba bara yake yi ba? Kuma wanda ke ci daga hannun wani, ba sai abin da mai hannun ke so zai faɗa ba? Ɗaukin da masu hali suka kawo a 2015 shekara 2 kawai ya saya. Wannan ya nuna alherin mutum ɗaya ko biyu, komai yawansa, jinkirta mutuwa yake yi. Abin da ya bambanta komawar 2023 shi ne an sake wa abin siffa. An haɗa haya da nunin fina-finai a kowane mako, da masu biyan kuɗin zama mamba, da masu ba da kaɗan-kaɗan, ta yadda nauyin ya rabu a kan kafaɗu da yawa, kuma dole gidan ya ci gaba da jawo mutane da ƙafafunsu in yana so ya rayu. Wannan ya fi kama da rijiyar unguwa, wadda ba ta kawo wa kowa riba, amma kowa ya san ranar yasarta zai fito. Muna da sunaye ga irin wannan tun kafin zuwan Nasara, muna da gayya, muna da waƙafi. Ba mu taɓa kiran mai gyaran rijiya maroƙi ba.

Mu fa?

Nijar ba baƙuwa ba ce a tarihin sinimar Afirka. Mustafa Alasan, wanda ya yi shekaru masu yawa a Tawa kuma ya rasu a 2015, yana cikin na farko da suka yi fim ɗin zane mai motsi a wannan nahiya, kuma tun 1966 ya fitar da Le Retour d'un aventurier. Umaru Ganda shi ne ya fara cin babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1972 da fim ɗinsa Le Wazzou polygame. Sunansa na kan babbar cibiyar al'adu a Yamai. Amma mai karatu ya tambayi kansa tsakani da Allah, a cikin ɗalibai nawa da suka san sunan, nawa ne suka taɓa ganin fim ɗin, kuma in suna so su gani, ƙofar wa za su ƙwanƙwasa a Tawa ko a Damagaram?

Fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya da Hausa a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya yi shekaru ana ɗaukar ya ɓace. Sai a 2016 aka gano shi a ma'ajiyar hukumar fina-finai ta Nijeriya, aka gyara shi da taimakon wata cibiya ta Jamus, aka nuna shi a bikin fina-finai na Barlin a 2018. Ya tsira ne domin wani, ko da sakaci ne ya sa, bai zubar da gwangwanayen ba.

Abin da ya fi wannan hatsari shi ne fina-finan bidiyo na Hausa. Tun daga Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta yi a Kano a 1990, an yi fina-finai masu ɗimbin yawa a kan kaset, daga baya a kan faifan CD, suna ƙetaro iyaka ta Jibiya da Magarya suna cika shagunanmu. Masu ilimin boko sun raina su, wasu malamai sun soke su, kuma da yawansu ba su da inganci, wannan gaskiya ne. Amma a cikinsu akwai yadda aka yi magana a wancan zamani, da ɗinkin da aka sa, da yadda aka yi zance da aure da saki, da abin da ya ba mutane dariya da abin da ya sa su kuka. Ɗalibin da zai zo nan da shekara 50 yana neman sanin yadda Bahaushe ya rayu a ƙarshen ƙarni na 20, waɗannan kaset za su gaya masa abin da takardun gwamnati ba su rubuta ba. Zaren kaset kuwa ba ya jure zafi da ƙura irin namu. Mai shagon unguwarmu ya daɗe da komawa tura fina-finai a salula. Da na tambaye shi ina kayansa na da, sai ya ce wasu na cikin buhuna a zaure, wasu yara sun warware zarensu suna wasa.

Inda na tsaya

Ba na cewa kowane shago da ya karye jama'a na da alhakin tayar da shi. Sana'o'i na mutuwa, wasu na haihuwa, kuma mai shago ba ya bin kowa bashin ciniki. Haƙƙin da nake magana a kai yana rataye ne da sharuɗɗa biyu. Na farko, a ce wurin na riƙe da abin da in ya tafi ba ya dawowa. Na biyu, a ce akwai jama'ar da ke amfani da shi da gaske, ba masu yabonsa daga nesa ba. Idan waɗannan suka cika, to abin ya tashi daga dukiyar mutum ɗaya ya zama amana, ko da takardar mallaka na hannun mutum ɗaya. Amana kuwa ba a tambayar ta riba, ana tambayar ko an miƙa ta ga na gaba yadda aka karɓe ta.

Akwai kuma munafuncin da ya kamata mu tsare kanmu daga gare shi. Da yawa daga waɗanda suka yi kukan rufe Vidiots a 2017 sun yi shekaru ba su taka ƙofarsa ba. Mu ma haka muke, mukan yi jimamin abin da mu da kanmu muka daina ziyarta. Wanda ke son wuri ya rayu, hanyar farko ita ce ya je, ya biya, ya kai ɗansa.

A wajenmu aikin bai kai na Los Anjeles tsada ba. Tsofaffin masu shagunan haya suna nan da ransu a Maraɗi da Damagaram da Tawa da Ƙonni, kuma wasunsu ba su zubar da buhunansu ba tukuna. Jami'o'inmu na jihohi da gidajen al'adu da na matasa za su iya sayen waɗannan kaya da daraja, a rubuta sunan kowane fim da shekararsa da waɗanda suka yi shi tun masu sani na raye, a juya su cikin kwamfuta da izinin masu haƙƙinsu, a kuma ware dare ɗaya a wata a kafa farin ƙyalle a fili a nuna wa jama'a. Akwatunan da ke iya karanta kaset an daina ƙera su tun 2016, waɗanda suka rage a hannun masu gyara kullum raguwa suke yi. Idan za a yi, yanzu ne lokacinsa.